"Ko Dabba Ba Ta Yi": Tambaya Daga Fadamar Haɗeja

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakunanmu, a wurin wa'azi, a majalisar hira, har ma a cikin littattafan da mu da kanmu muke rubutawa. Duk lokacin da aka tashi yin tir da namijin da ke neman namiji, ko macen da ke neman mace, sai ka ji an rufe zance da cewa, "Abin da ko dabba ba ta yi!" Da an faɗi haka sai kowa ya gyaɗa kai, a wuce wurin. A 'yan shekarun nan kuma, tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowane ɗalibi, sai ga kishiyar wannan magana ta iso daga ƙetare, masu ita na cewa ai dabbobi ma suna yi, saboda haka babu laifi a ciki. Abin da nake so in tattauna da 'yan uwa marubuta shi ne, waɗannan maganganu biyu da ake gani kamar ba sa ga maciji da juna, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukkansu sun ɗauko dabba sun zaunar da ita a kan buzun alƙali. Ta farko ta yi wa dabba ƙage, ta biyu kuma ta ɗora mata kayan da ba nata ba.

Bari mu fara da ta farko, don ita ce tamu. Ba sai mun je wata jami'a ba kafin mu gwada ta. Makiyayin da ke sauko da shanunsa fadamar Haɗeja da rani ya san yadda ake gane saniyar da ke neman bijimi: 'yan uwanta mata ne ke hawanta, ita kuma ta tsaya cik ba ta gudu. Malaman dabbobi ma da wannan alamar suke aiki. Wanda ya taɓa tara raguna a turke ɗaya yana kiwata su don Layya ya ga yadda suke hawan juna. Mai kiwon tattabaru kuwa, idan ya leƙa ɗaki ya tarar da ƙwai huɗu maimakon biyu, aka yi ta kwanci babu ƙyanƙyasa, ya san mata biyu ne suka haɗa kai. Ba kuma yau aka fara gani ba. Al-Jahiz, malamin nan na Basra da ya rasu a wajajen 868, ya kawo irin wannan labari na tattabaru a cikin Kitabul Hayawan, daga bakin wani gwanin kiwonsu, bai ɓoye ba, bai kuma ce addininsa ya girgiza ba.

To amma misalin da ya fi ɗaukar hankalina, baƙo ne da ke sauka a nan ƙasarmu kowace shekara, muna kallonsa ba mu san tarihinsa ba. Idan damina ta ja baya, ruwa ya fara janyewa daga gonakin shinkafa, daga Baturiya zuwa mashigin Marma har tafkin Nguru da Dagona, akwai wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, mai launin ƙasa-ƙasa, girmansa bai wuce na tattabara ba, da ke zuwa garke-garke yana tsintar ƙwari da shinkafar da ta zube bayan yanka. Turawan Ingila na kiransa raf. Daga arewacin Turai da Saibiriya yake tasowa, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya ci rani tare da mu, sa'an nan ya juya a tsakanin Maris da Afrilu. A nan wurinmu ba shi da hayaniya, kuma ban da cewa namijin ya fi macen girma, da ƙyar ka bambanta su.

Can gida kuwa, sai ka rantse ba shi ba ne. Namijin kan fitar da wani tulin gashi a wuya da ka, kamar basaraken da ya sha naɗi, wani baƙi, wani ja, wani roɗi-roɗi. Mazan kan taru a wani ɗan fili, kowa ya kama gurbinsa yana tsaro, suna tsalle suna gwabzawa kamar 'yan dambe a dandali. Saboda wannan faɗa ne ma sunan da masana suka ba shi da Latinanci ke nufin mafaɗaci. Matan kan zo su yi kallo, kowace ta zaɓi wanda ya yi mata, a yi barbara, ta tafi abinta ta yi sheƙa ta reni 'ya'ya ita kaɗai. An daɗe da sanin cewa mazan iri biyu ne. Akwai masu gurbi, su ne mafi yawa, sun haura kashi 80 cikin 100. Akwai kuma masu farin gashin wuya, waɗanda ba sa faɗa, sai dai su raɓu da mai gurbi kamar 'yan rakiya, su taya shi jawo hankalin mata, idan ya shagala su ci rabonsu.

Sai a 2006 aka tabbatar da iri na uku. Wani manomi mai kama tsuntsaye a yankin Firisland na ƙasar Holan, Joop Jukema, tare da masani Theunis Piersma, suka ba da labarin wasu 'yan tsiraru da ba su da gashin ado ko kaɗan, ba sa rawa, ba sa faɗa, kamanninsu na mata ne sak, amma da aka bincika sai aka tarar maza ne, har ma 'ya'yan marainansu sun ninka na masu gurbi girma fiye da sau biyu. Ana kiransu feda, wata tsohuwar kalma mai nufin uba. Ba su wuce ɗaya cikin 100 ba. Feda kan shiga dandali ya saje da mata. Sauran maza kan hau shi, shi ma yakan hau su, abin da mace ba ta yi, wanda ya sa ake ganin mazan sun san ko shi wane ne. Masu lura sun ce wannan hawa na jawo mata su matso kusa, kuma da mace ta durƙusa wa mai gurbi sai feda ya yi wuf ya riga shi.

A ƙarshen 2015 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya daga Uppsala ta ƙasar Suwidin, ɗaya daga Sheffield ta Ingila, suka gano tushen abin a cikin ƙwayoyin gado. Wani yanki na zaren gado na 11, mai ɗauke da ƙwayoyi kimanin 100, ya juye, kai ya koma ƙafa, a lissafinsu shekaru miliyan 3.8 da suka wuce. Tsuntsun da ya gaji wannan juyayyen yanki daga ɗaya cikin iyayensa shi ke zama feda ko ɗan rakiya. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba duka biyu kuwa ba ya rayuwa. Ka ga ke nan ba zai taɓa mamaye garke ba, ba kuma zai ɓace ba muddin dabarar sajewa da mata na samar wa masu ita 'ya'ya. Dabara ce irin ta ɗan sane a kasuwa, tana ci ne kawai idan masu yin ta ba su da yawa.

A nan ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da ya sa masana suka damu da wannan batu tun farko. Ka'idar sauyawar halittu da Charles Darwin ya bayyana a 1859 ba ta da nisa da abin da manominmu ke yi idan ya ware manyan zangarniyar gero ya ajiye don iri. Abin da aka ajiye shi ke fitowa baɗi. Darwin cewa ya yi yanayi da kansa na yin irin wannan tankaɗe da rairaya: halin da ke sa dabba ta bar 'ya'ya da yawa shi ke yaɗuwa, wanda ba ya haifar da komai kuma ya kamata ya ƙare. Ba maganar asalin ɗan Adam nake yi ba, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Tambayar ita ce, namiji ya hau namiji ba a samun ɗa, to me ya hana wannan hali ɓacewa, alhali an rubuta ganinsa a cikin nau'o'in halitta fiye da 1,500, tun daga ƙwari har zuwa birai?

Amsar ba ɗaya ba ce, kuma wannan shi ne abin da masu jefa magana a wayar hannu ba sa faɗa. Ta raf mun ji ta, hanya ce ta kaiwa ga mace. A tsibirin Owahu na Hawai kuwa labarin dabam ne. A 2008 Lindsay Young da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa kashi 31 cikin 100 na sheƙunan wani babban tsuntsun teku, albatiros, mata biyu ne ke riƙe da su. Dalili shi ne mata sun fi maza yawa a wurin, ɗan tsuntsun kuma ba ya rayuwa sai da manya biyu, ɗaya na kwanci ɗaya na can teku neman abinci. Sai mace ta sami ƙwai daga wani namiji, ta haɗa kai da 'yar uwarta su rena. Ba sa samun nasara kamar namiji da mace, amma da babu gara ba daɗi. A 2023 kuma wasu masana a ƙasar Sifen suka tattara bayanan dabbobi masu shayarwa nau'i 261 da aka ga wannan hali a cikinsu, suka lura ya fi yawa ga masu zama garke-garke da kuma waɗanda mazansu ke kashe juna, suka ce mai yiwuwa hanya ce ta sanyaya rikici da ƙulla ƙawance. Kafin su, a 2019, Julia Monk da abokanta a Amurka sun juya tambayar ne gaba ɗaya. Suka ce wa ya ce dabbobin farko suna tantance namiji da mace? Wataƙila rashin tantancewa shi ne asali, kuma ga halittar da lokacinta gajere ne, asarar hawan wanda ba zai haihu ba ba ta kai asarar tsayawa bincike har dama ta wuce ba.

Yawancin waɗannan dabbobi, a lura, suna yin haka ne kuma su je su haihu. Inda abin ya fi ɗaure wa masana kai shi ne rago. A wata tashar binciken tumaki a jihar Idaho ta Amurka an tarar kimanin kashi 8 cikin 100 na raguna ba sa kula tunkiya ko tana nema, sai ɗan uwansu rago, kuma a 2004 Charles Roselli ya nuna akwai bambanci a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwarsu. Har yanzu masana ba su haɗu a kan dalilin ɗorewar wannan ba.

Ke nan maganarmu ta farko ba ta tsaya ba. Dabba tana yi. Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne wannan gaskiya ta yi wa nauyi. George Murray Levick, likitan da ya bi ayarin Kyaftin Scott zuwa ƙarshen kudancin duniya, ya zauna a 1911 yana lura da tsuntsayen ƙanƙara da ake kira fengwin. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali har ya rubuta wani sashe da haruffan Girkanci don kada kowa ya karanta, aka kuma cire babin daga littafin da aka buga. Sai a 2012 aka fito da shi fili. Shekara ɗari ilimi na kwance a cikin akwati saboda kunya.

Amma mai karatu ya tambayi abin da Levick ya gani. Ya ga maza na hawan maza, haka ne. Ya kuma ga suna hawan gawar mata, suna tattake 'yan tsaki har su mutu. A nan ne magana ta biyu, wadda ta zo daga ƙetare, take faɗuwa ita ma. Idan "dabba na yi" hujja ce ta halasci, to a wace ƙa'ida za a ɗauki na farko a bar sauran? Mu dawo gida. Duk mai kiwon tarwaɗa ya san idan bai ware manya daga ƙanana ba, zai wayi gari manyan sun haɗiye ƙannensu. Bunsuru ba ya bambanta uwarsa da 'yarsa. 'Ya'yan balbela kan sassari ƙaraminsu a sheƙa har yunwa ta kashe shi, iyayen na kallo. Tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado a tafkunanmu, macen ce ke tara maza, ta yi wa kowa ƙwai ta bar shi da kwanci da reno. Wane mai hankali ne zai ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan ya ce ga tsarin zaman iyali? Daji na da misalin duk abin da mutum ke so, mai kyau da mummuna. Wanda ya shiga neman hujja zai fito da ita, don tun daga gida ya san abin da zai tsinto.

David Hume, wani mai falsafa ɗan Sikotilan, ya lura a 1740 cewa marubuta kan yi ta bayanin yadda abu yake, sai kwatsam su tsallaka zuwa yadda ya kamata ya kasance, ba tare da sun nuna gadar da suka bi ba. Malamanmu sun riga shi da wata hanya, inda suka ce hukunci na hawa kan mukallafi ne, wato baligi mai hankali mai zaɓi. Ba ma sai mun buɗe littafi ba. Duk shekara a wannan fadama shanu kan shiga gona su yi ɓarna, a je gaban mai unguwa ko alƙali. An taɓa jin an ci saniya tara? Makiyayi ake kamawa, don shi ke da sanda da hankali. Saniyar da ba a tuhuma idan ta yi ɓarna, ba za a kira ta shaida a kan abin da ya halatta ga mutum ba. Bayanin masana na amsa tambayar "ta yaya wannan hali ya samu, ya kuma ɗore?" Tambayar "me ya kamata mutum ya yi?" kuwa tana da nata mazaunin, wato addini da hankali da doka. Matsayin addininmu a kan wannan aiki sananne ne, dokar ƙasa ta 2014 ma sananniya ce, kuma babu ɗayansu da aka gina a kan halin rago.

Wani zai ce, to Malam, tunda hukuncin bai sauya ba, mene ne na ɓata takarda? A bar mutane su faɗi maganarsu mana, ai niyyarsu mai kyau ce. Ni a ganina akwai hasara biyu, kuma ta farko a aji nake hango ta. Yaron da aka ce wa dalilin haramci shi ne ko dabba ba ta yi, an ba shi katanga ce ta yashi. Ran da ya ga bidiyon raguna a wayarsa, ko ya karanta labarin albatiros, ba wannan jimla kaɗai zai jefar ba. Zai fara tambayar kansa sauran me aka faɗa masa wanda ba haka yake ba, kuma ba lalle ya dawo ya tambayi wanda ya faɗa masa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an haƙa shi don kare gaskiya.

Hasara ta biyu ta fi wannan muni. Maganar ba bayani take yi a kan dabba ba, tana sauke mutum ne ƙasa da dabba. A 1995, lokacin wata taƙaddama da ta taso daga bajekolin littattafai na Harare, shugaban Zimbabuwe Robert Mugabe ya ce irin waɗannan mutane sun fi karnuka da aladu lalacewa. Da zarar an ce wa taro wane bai kai kare ba, an ba su izinin da shari'a ba ta ba su ba. Shari'a na neman shaidu da hujja da alƙali, tana kuma hana bin diddigin asirin mutane da yi musu ƙazafi. Taron da ya ɗauki duwatsu ba ya neman ko ɗaya, zargi kawai ya ishe shi, kuma mun san yadda zargi ke da araha a unguwa idan akwai tsohuwar gaba. Mai zunubi, kowane iri ne zunubinsa, mutum ne, shi ya sa ma ake yi masa hisabi.

Mu marubuta namu laifin a wajen kalmomi yake. Kalmar luwaɗi tana ɗauke da tarihin wata al'umma da hukuncin da aka yi mata, ba ta hawa kan tsuntsu, kamar yadda ba a kiran bunsuru mazinaci sai da wasa. Jaridun Turai da Amurka su ma haka suke yi ta ɗaya gefen, su kira tsuntsaye biyu masoya ko ma'aurata. A gidan namun daji na birnin New York an yi wasu fengwin maza biyu, Roy da Silo, da aka ba su ƙwai suka ƙyanƙyashe, har aka yi littafin yara a kansu a 2005, wani ɓangare na ta murna. Da Silo ya rabu da Roy ya koma wa wata mace, sai ɗaya ɓangaren ya karɓe guɗar. Tsuntsayen dai kifinsu kawai suke jira.

Ba cewa nake a daina sa dabbobi magana ba. Gizo da ƙoƙi da kura sun yi mana aiki tun kaka da kakanni, kuma akun da ke cikin Magana Jari Ce tun 1937 yake koyar da yara. Amma kowa ya san hikimar Abubakar Imam ce a bakin aku, babu wanda aka ruɗa. Inda matsala take shi ne marubuci ya sa malami ko dattijo a cikin labarinsa ya faɗi abu a kan dabbar gaske a matsayin tabbas, alhali bai taɓa tsayawa ya duba ba, bai kuma tambayi makiyayi ko mai tattabaru da ke bayan gidansa ba. Wannan ba tatsuniya ba ce kuma, shaida ce, dubban yara za su karanta su ɗauka.

Ga wanda ke son dubawa, wurin ba nisa. Daga Haɗeja zuwa Baturiya tafiyar ɗan lokaci ce, kuma tun 2008 aka sa dausayin cikin jerin waɗanda duniya ta amince a kare. A je da sanyin safiya a watan Janairu, a tsaya a bakin gonar da aka yanke, za a ga garken raf na kiwo cikin tsanaki, manyan su ne maza, ƙananan mata. Feda ba ya ganuwa da ido a wannan lokaci. Masu kama su a Holan da ma'auni suke gane shi, don fiffiken mace ba ya kai milimita 170, na namiji ya wuce 180, nasa kuma yana tsakani.